Tumbuɗin Jariri: Wanne Ne Na Ƙoshi, Wanne Ne Na Ciwo?

 Yau za mu tattauna ne a kan wani abu wanda duk macen da ta taɓa goyo, ko yarinyar da ta yi renon ƙane, ta san shi sarai, watau tumbuɗi. Kin ba yaro nono ya ƙoshi, kin ɗaga shi kin saɓa a kafaɗa, kafin ki ankara sai ki ji ɗumi a bayan rigarki. Ki sake masa riga, ki sake taki, an jima kaɗan ya kuma.

Daga nan sai shawarwari su yi ta zuwa. Kakar yaro ta ce ƙoshi ne, a ƙyale shi. Maƙwabciya ta ce nonon ne ba shi da kyau. Wata ta ce beli ne, a kira wanzami. Maigida kuma ya dawo daga kasuwa da kwalbar magani. Ke uwa kina tsakiya, ba ki san ta wa za ki ɗauka ba.

Maganar ta shafi kowace uwa, amma ta fi shafar 'yan'uwanmu na garuruwan bakin iyaka irin su Kongolam, wanda wasu kan ce Kwangwalam, a ƙaramar hukumar Mai'aduwa ta ƙasar Daura, inda hanyar mota ke tsallakawa zuwa Matamai da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. A irin wannan wuri magani ya fi likita kusa. Mai tallan magani yana zuwa har ƙofar gida, wani kwalin da rubutun Turanci, wani da na Faransanci, likitan yara kuwa sai an shiga mota. Saboda haka tilas ne uwa ita da kanta ta san tumbuɗin da za ta bari ya wuce, da kuma wanda ba a kwana da shi a gida.

Mene ne tumbuɗi?

Abincin da muka haɗiya yakan bi ta wata hanya daga maƙogwaro ya gangara cikin tumbi. A daidai inda hanyar ta haɗu da tumbi akwai wani zoben nama wanda ke buɗewa abinci ya shiga, sa'an nan ya tsuke don kada ya komo. Ki ɗauke shi kamar igiyar da ake ɗaure bakin salkar ruwa da ita. A jikin babba ɗaurin yana da ƙarfi. A jikin jariri kuwa zoben bai gama ƙwari ba, yakan saki a lokacin da bai kamata ba, sai nono ya biyo hanya ya dawo baki.

Ban da wannan, hanyar abincin jariri gajeruwa ce, abincinsa duka ruwa ne, kuma yawancin yininsa a kwance yake. Sa'an nan ki duba yawan abin da yake sha. Jariri yakan sha kimanin mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a kwana ɗaya. Watau yaro mai kilo 5 yana shan abin da ya kai ledar fiya wata ɗaya da rabi. Da macen da ke da kilo 60 za ta sha daidai da haka bisa ga nauyinta, da sai ta shanye lita 9, leda 18 ke nan, ta kuma koma ta kwanta. To, wace ce ba za ta yi tumbuɗi ba?

Wani bincike da aka buga a Amurka a 1997, wanda aka tambayi iyayen jarirai 948, ya nuna rabin jariran da ba su wuce wata 3 ba suna tumbuɗi aƙalla sau ɗaya a rana. A wata na 4 abin ya fi yawa, har biyu cikin kowane uku. Amma a tsakanin wata 10 zuwa 12, biyar kacal cikin ɗari suka rage. Dalili kuwa shi ne yaro ya fara zama, ya fara cin abinci mai kauri, zoben nan kuma ya yi ƙwari. Ashe maganar kaka tana kan hanya: mafi yawan tumbuɗi lokaci ne maganinsa.

Kada ki tsorata in kin ga nonon ya fito guda-guda yana warin tsami. A cikin tumbi akwai wani ruwa mai tsami wanda ke narkar da abinci, shi ne ke sa nono ya yi barci kamar yadda madara ke yi a ƙwarya. Haka nan wani lokaci yakan biyo ta hanci, domin hanci da baki a haɗe suke ta baya. Ki karkata yaron gefe ɗaya, ki share masa da tsumma mai tsabta.

Tumbuɗi daban, amai daban

Tumbuɗi yakan zubo ne a hankali, sau da yawa tare da gyatsa, babu yunƙuri, babu wahala. Yaro zai yi shi yana dariya, ya kuma nemi nono nan take. Amai kuwa da ƙarfi yake zuwa, cikin yaro yana murɗawa, yana kakari, bayan ya gama sai ki ga jikinsa ya yi laushi. Uwar da ta iya rarrabe waɗannan biyu ta yi rabin aikin, domin tambayar farko da malamar asibiti za ta yi mata ke nan.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan wuri kam ido yakan ruɗi mai shi. Ki ɗebi ruwa cokalin cin abinci ɗaya ki zuba a kan zani, ki ga faɗin wurin da zai jiƙa. Sau da yawa abin da kike zaton yaro ya zubar da duk abin da ya sha, bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba, sauran yana ciki yana yi masa amfani.

Ma'auni shi ne alƙali

Abin da zai raba gardama tsakaninki da masu shawara shi ne awon nauyi. Jariri yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, amma zuwa sati 2 ya kamata ya mayar da nauyin haihuwarsa. A watanni ukun farko yakan ƙara kimanin giram 150 zuwa 200 kowane mako. Zuwa wajen wata 5 ya ninka nauyin haihuwarsa, a shekara ɗaya kuma ya ninka shi sau uku. Wanda aka haifa da kilo 3, ana sa ran ya kai wajen kilo 6 a wata 5, kilo 9 kuma a shekara.

Ba sai kin yi tafiya ta musamman ba. Ranakun allurar rigakafi, watau ranar haihuwa, da sati 6, da sati 10, da sati 14, da wata 9, duk ranaku ne na ɗora yaro a ma'auni. Ki roƙi malama ta rubuta nauyin a kati, ta kuma nuna miki layin. In layin yana hawa, tumbuɗin ɗanki aikin wanki kawai ya ƙara miki. In ya miƙe wuri ɗaya ko yana gangarowa, lalle a bincika. Ke da kika yi aure a tsallaken iyaka, ko kika zo wankan jego gida, ki riƙe katin yaro tare da ke, ko na Nijeriya ne ko na Nijar, domin kilo ɗaya ne a ko'ina.

A gida kuma ki lura da fitsari. Jaririn da ke samun isasshen nono yakan jiƙa tsumma sau 6 ko fiye a kwana ɗaya, fitsarin kuma fari, ba ja mai wari ba.

Abin da za ki yi a gida

Ki riƙa ba shi nono tun kafin yunwa ta sa shi tsala kuka. Yaron da ya yi kuka ya gaji yakan kama nono da haɗama, ya haɗiyi iska mai yawa, iskar kuma in za ta fito sai ta turo nono gaba. Da kin ga yana tsotsar hannu, yana juya kai yana neman nono, lokaci ya yi. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a cika masa ciki lokaci guda.

Ki zauna sosai, kansa ya fi cikinsa tudu, cikinsa yana fuskantar naki. Ki tabbata ya buɗe baki da kyau, yawancin baƙin da ke kewaye da kan nono ya shiga bakinsa. In nononki mai yawan zuba ne har yana sa shi ƙwarewa, ki ɗan tatse kaɗan kafin ki ba shi, ko ki kishingiɗa ki ɗora shi a ƙirjinki. Ki bar shi ya gama da nono ɗaya kafin ki juya shi ɗayan.

Bayan ya sha, ki saɓa shi a kafaɗa kina shafa bayansa a hankali har ya yi gyatsa, ki kuma riƙe shi a tsaye kamar minti 20 zuwa 30. Goyo yana da amfani a nan, domin yaron da ke baya a tsaye yake. Sai dai kada ki tamke majanyi a kan cikinsa da ya gama sha, kada kuma ki goya shi nan take ki kama daka ko surfe. Haka nan in za ku hau babur ko mota zuwa Daura, ko cin kasuwar Mai'aduwa, ki ba shi nono da ɗan sauran lokaci kafin a tashi, domin girgizar hanya tana tayar da abin da ke ciki. A hana 'yan reno cilla shi sama da rawa da shi a cinya bayan shan nono. A kuma roƙi maigida, in mai shan taba ne, ya sha ta a waje, domin hayaƙinta yana ƙara tumbuɗi da tari.

Wajen kwanciya akwai kuskuren da ya kamata a gyara. Mata da yawa sukan kwantar da mai tumbuɗi rub da ciki don tsoron kada ya shaƙe. Likitocin yara na Amurka sun ba da shawara tun 1992 a daina kwantar da jarirai rub da ciki, kuma cikin shekaru goma mutuwar farat ɗaya ta jarirai a cikin barci ta ragu da kimanin rabi a ƙasar. Shawarar ta haɗa har da masu tumbuɗi. In yaro yana rigingine, hanyar numfashi tana sama, ta abinci tana ƙasa, abin da ya taso sai ya koma inda ya fito. Saboda haka ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ɗan tauri, babu matashi, a cikin gidan sauro.

In da wata larura ta sa yaro yana shan madarar jarirai ta gwangwani, ki bi awon da aka rubuta daidai, ki rage yawan da yake sha lokaci guda, ki ƙara yawan lokutan. Kofi da cokali sun fi bulumboti sauƙin wankewa. Madarar shayi da madarar shanu ba abincin jariri ba ne. Wasu yaran ma jikinsu ba ya karɓar madarar shanu sam, sai su yi ta amai, da ƙuraje, da zawo mai ɗigon jini. Irin wannan sai likita.

Garin neman ƙiba

Babban haɗarin tumbuɗi a ƙasarmu yakan zo ne daga maganin da ake yi masa. Na farko shi ne cire yaro daga nono. A wasu gidaje har akan tatsi nono a jefa tururuwa a ciki, in ta mutu a ce nonon mugu ne. Tururuwa kam ko a ruwan randa ta faɗa tana iya mutuwa. Nonon uwa ya fi kowace madara saurin narkewa da barin tumbi, shi ya sa mai shan nono ya fi samun sauƙin tumbuɗi. Yaron da aka raba da nono aka koma ba shi koko da ruwa, zawo da tamowa ke jiransa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 29 ne kawai cikin 100 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla a Nijeriya, a Jihar Katsina kuma kimanin yara 6 cikin 10 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. A inda abin yake haka, wasa da nonon uwa wasa da rai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2001 ta ba da shawarar nono zalla har wata 6, sa'an nan a ƙara da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2.

Na biyu shi ne ɗura. Ruwa, da jiƙe-jiƙe, da ɗauri, duk suna cika ɗan tumbin da dama ya cika, su ƙara tumbuɗin, su kuma shigo da ƙwayoyin cuta. Ko a tsakiyar bazarar Daura jariri ba ya bukatar ruwa kafin wata 6, domin kusan kashi 9 cikin 10 na nono ruwa ne. Ke uwa ki sha, shi ya sha a jikinki. Ɗura da ƙarfi, a toshe wa yaro hanci, tana iya tura ruwa cikin huhu. Kanwa kuwa, gaskiya ne takan kwantar wa babba ƙwarnafi domin tana kashe tsami, amma gishiri ce mai ƙarfi, ƙodar jariri ba ta iya ɗaukarta. Zuma ma a jira sai ya cika shekara, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri.

Na uku shi ne cire beli. Beli yana can sama a bayan baki, zoben da ke sakin nono kuwa yana can ƙasa a bakin tumbi, babu abin da ya haɗa su. Yanke shi ba ya tsayar da tumbuɗi, amma yana iya jawo zubar jini, da ciwon sarƙe-haƙora, da ƙin kama nono saboda zafin rauni.

Na huɗu shi ne maganin kanti. Ruwan Gripe Water, wanda aka fara haɗawa a Ingila tun 1851, babu wani tabbataccen bincike da ya nuna yana maganin tumbuɗi. Phenergan ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi. Maganin amai mai suna metokulofuramid, wanda ake sayarwa da sunan Maxolon ko Plasil, ba na jarirai ba ne, yakan sa wuyan yaro ya murɗe, idanu su kafe sama, har a zaci iska ce. Ranitidin, watau Zantac, wanda a da ake ba yara don wannan larura, Amurka ta janye shi daga kasuwa a 2020, ƙasashe da dama ma sun yi haka, saboda an sami wani sinadari a cikinsa da ake tsoron yana jawo ciwon daji. In kin gan shi a farantin mai talla, ki wuce.

Ko magungunan rage tsamin ciki da likitoci ke rubutawa ba kowane yaro suke yi wa amfani ba. A wani gwaji da aka buga a 2009 an raba jarirai 162 masu kuka da tumbuɗi gida biyu, aka ba rabi magani, rabi kuma abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki. A kowane ɓangare 54 cikin 100 ne suka sami sauƙi. Saboda haka in likita ya auna ɗanki ya ce ba ya bukatar magani, kada ki ce bai iya aiki ba. Mu kuma tuna da abin da ya faru a ƙasar nan a 2008 zuwa 2009, lokacin da maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya lalata ƙodar yara, har 84 suka rasu. Duk kwalbar da yaro ba ya bukata, haɗari ce kawai aka saya da kuɗi.

Alamun da ba a kwana da su

Yanzu ga inda maganar a ƙyale shi ba ta aiki. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

Amai mai feshi. Jariri ɗan sati 2 zuwa sati 8, watau daidai lokacin da kike wankan jego, ya riƙa feso nono da ƙarfi har ya tsallake cinyarki bayan kowane sha, ya kuma koma neman nono da yunwa, fitsari da kashi suna raguwa, yana ramewa. Wannan alama ce ta cewa naman mafitar tumbi, inda abinci ke wucewa zuwa hanji, ya yi kauri ya toshe hanya. Ya fi kama 'ya'ya maza, kamar ninki huɗu na mata, musamman 'yan fari. Babu jiƙon da ke buɗe shi. Ana gane shi da hoton ciki, a ƙara wa yaro ruwa, sa'an nan a yi masa ɗan ƙaramin aiki wanda wani likitan Jamus mai suna Ramstedt ya fara yi a 1911. Yaron da aka kai da wuri yakan warke sarai.

Amai kore shar kamar ruwan ganye. Wannan ruwan matsarmama ne, kuma yana nuna mai yiwuwa hanji ya toshe ko ya murɗe. Sa'o'i ake ƙirgawa a nan. Haka nan in ciki ya kumbura ya yi tauri, ko yaro yana tsala ihu lokaci-lokaci yana naɗe ƙafafu, yana kashi mai jini da majina.

Jini a cikin amai, ja ko baƙi-baƙi. Wani lokaci daga tsagewar kan nonon uwa ne yaro ya haɗiya, amma a bar malaman asibiti su tabbatar.

Zazzaɓi tare da amai, musamman ga wanda bai kai wata 3 ba. Da damina a tuna da zazzaɓin cizon sauro. Da bazara kuma a tuna da sanƙarau: in maɗiga ta kumbura ta yi tsini, ko yaro ya sandare, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai.

Alamun ƙarewar ruwa a jiki, watau maɗiga ta faɗa, idanu sun zurma, baki ya bushe, ya yini bai yi fitsari ba, ko kuma duk abin da ya sha sai ya dawo, ko ya ƙi kama nono gaba ɗaya.

Wahalar numfashi. Ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. In ya kai 60 ga wanda bai kai wata 2 ba, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko haƙarƙari yana shiga ciki, ko leɓe ya canja launi bayan ya ƙware, kada a jira.

Akwai kuma waɗanda ba na gaggawa ba ne amma suna bukatar likita cikin 'yan kwanaki: yaron da nauyinsa ya tsaya, wanda ke banƙarewa yana kuka duk lokacin shan nono, wanda muryarsa ta dushe ko tari ya ƙi ƙarewa, wanda ciwon huhu ke yawan dawo masa, da wanda tumbuɗi ya fara masa bayan wata 6 ko ya wuce shekara bai daina ba. A irin waɗannan mai yiwuwa ruwan tsamin nan ya fara ƙona hanyar abinci, a nan ne magani ke da amfani, bisa awon likita. Bakwaini, da yaron da aka haifa da larurar ƙwaƙwalwa mai sa jiki sanƙarewa ko laushi, sun fi shiga wannan hali, sai a ƙara sa musu ido.

Daga Kongolam, ki fara da asibitin da ya fi kusa, su za su tura ki Daura in abin ya fi ƙarfinsu. In aikin tiyata ne akan wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano da ke Kano. Waɗanda ke tsallake kuma suna da Matamai da babban asibitin Damagaram. Shawarata ita ce tun kina da ciki ku yi magana da maigida, ya ba ki izinin fita asibiti ko ba ya gari, a kuma ajiye kuɗin mota a gefe, domin yawancin maza a bakin iyaka matafiya ne, ciwon jariri kuwa ba ya jiran a dawo daga fatauci.

Yaran da suka tasa

Yaron da ya iya magana zai ce miki ƙirjinsa na zafi, ko ruwa mai tsami yana taso masa, ko ya riƙa tari da dare. Wannan shi ne ƙwarnafin da kika sani lokacin da cikinki ya tsufa, hanyarsu ɗaya da tumbuɗi. Abin da ya fi jawo shi a gidajenmu shi ne a cika ciki da tuwo bayan isha'i a kwanta nan take. Ki ba su abincin dare da wuri, a sami kamar awa 2 zuwa 3 kafin barci. A rage yaji, da soye-soye, da lemon kwalba, da shayi mai kauri. Yaro babba, saɓanin jariri, yana iya kwanciya a gefen hagu, a kuma ɗan ɗaga wajen kan gadonsa. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko abinci yana tsaya masa a ƙirji, ko yana ramewa, a kai shi asibiti. Kada a yanke masa hukuncin olsa a gida a yi ta ba shi maganin manya.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne 'yan reno yau, ku ne iyayen gobe. In Inna ta miƙo miki ƙanenki bayan ya sha nono, ki saɓa shi a kafaɗa, ki bar wasan cilli sai an jima. Ke ce mai karatu a gida, saboda haka ki riƙa duba katinsa kina karanta wa Inna nauyinsa da ranar komawa rigakafi, ki kuma karanta mata alamun nan na haɗari har ta haddace. In za ki gyara wa kaka wata magana, ki yi da ladabi, ki fara da inda ta yi daidai, domin ta yi goyo tun ba a haifi uwarki ba.

To 'yan'uwa, yaron da ke tumbuɗi yana wasa, yana fitsari, nauyinsa yana hawa, ki ci gaba da ba shi nono, ki tanadi tsummoki da sabulu, kafin ya fara tafiya za ki nemi abin ki rasa. Wanda kuwa ya nuna ɗaya daga cikin alamun da muka lissafa, ki ɗauki mayafinki da katinsa. Allah ya raya mana zuriya.